Me za mu kira "tailings" da Hausa?

Malama Hadiza, Kawo: Assalamu alaikum. Ana shirya darasi da Hausa kan wahalar da mahaƙan zinariya na farko suka sha, da abubuwan da suka bari a wuraren aikinsu. Ramuka da kangaye da tsofaffin injuna duk sun samu suna. Kalma ɗaya ce ta gagara, wato "tailings". An rubuta "sharar ma'adinai", amma raina bai kwanta ba. Masana, a taimaka.

Injiniya Sale, Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Malama. Da gaskiyarki, shara ta yi faɗi. Abu uku ake tararwa a tsohon wurin haƙa. Akwai ƙasa da duwatsun da aka kwashe kafin a kai ga dutse mai zinariya, waɗannan ba su taɓa shiga inji ba. Akwai abin da wuta ta bari bayan narkarwa, shi kam tuntuni muna da sunansa, kashin maƙera. Na ukun shi ne naki: dutsen da aka daka ya zama gari, aka wanke, aka cire abin da ya ciru, saura ya kwarara waje da ruwa. A ce tan ɗaya na dutse yana ɗauke da giram 15 na zinariya, wanda dutse ne mai kyau. To kilo dubu ɗin nan kusan dukkansa nan zai koma. Shi ya sa tsaunukan rairayi masu ruwan ɗorawa suka kewaye Johannesbag ta Afirka ta Kudu tun bayan gano zinariya a wurin a 1886.

Malam Garba, Unguwar Sanusi: A ce "laka" mana, ko "dagwalon gwal". Ai da ruwa yake fita.

Injiniya Sale: Ranar da ya fito ne kawai yake laka, Malam. In ya shekara ya bushe, iska ce ke ɗibarsa tana kai wa mutane har cikin gida. Muna son sunan da zai riƙe shi ɗanye da busasshe.

Baba Ɗanjuma, Rigasa: Ku dubi injin da ke haifar da shi, sunan zai zo da kansa. Wanda Turawa ke cewa "stamp mill" turmi da taɓarya ne zalla, sai dai na ƙarfe. Taɓare biyar ake jerawa a turmi ɗaya, kowacce ta kan kai kilo 400 ko fiye. Wani sandan ƙarfe mai ƙahonni yana juyawa, ƙahon ya ɗaga taɓarya kamar taƙi ɗaya, ya sake ta ta faɗo, wajen sau 90 a minti. Yana ɗagawa yana ɗan murza ta, don kada bakinta ya cinye ta gefe ɗaya. Ana zuba dutse da ruwa, a gaban turmin kuma akwai rariya, sai abin da ya yi laushi ke wucewa. Daga nan ya bi ta kan faranti na jan ƙarfe da aka shafe da zaiba. Zinariya ta manne, sauran ya wuce. To 'yata, in an yi surfe an ɗebi tsaba, me ke saura? Dusa. Injin daka, dusar zinariya. Ni dai nan na tsaya.

Kuma ki sa a darasin cewa injin nan ba ya hutawa dare da rana, masu tsaronsa da yawa kurumcewa suka yi.

Malam Garba: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. Dusa abincin dabba ce, har kuɗi ake sawa a saye ta. Wannan kuwa guba ce. Ba mu manta Zamfara a 2010 ba, da aka riƙa niƙa dutsen gwal a cikin gidaje a su Dareta da 'Yargalma da Bagega, gubar dalma ta kashe yara wajen 400. Yaya za mu ba irin wannan abu sunan da ke sa mutum ya saki jiki?

Dokta Bilkisu, Barnawa: Maganar guba gaskiya ce, kuma ga yadda take shiga. Zaiba ba ta zama lafiya a kan farantin. In daka ta yi yawa, ko maiko ya ɗiga daga inji ko daga kyandir ɗin mahaƙa, ko dutsen yana da kibiritu, sai ta tarwatse ta zama ƙananan ƙwayoyi da ba sa sake haɗuwa, ruwa ya tafi da su. Har yau hukumomin Kalifoniya suna gargaɗi kan cin kifin wasu kogunan yankin zinariya, saboda zaibar da aka zubar tun bayan rububin zinariya na 1848. Wadda ta manne da zinariya kuma sai an ƙona ta, tana tafasa a digiri 357 na ma'aunin Salshiyas. Mai tukunya rufaffiya da bututun sanyaya tururi yana maido da zaibarsa. Talakan mahaƙi kuwa a kan shebur ko kasko yake ƙonawa, ya shaƙi tururin: yawu ya yi ta zuba, haƙora su yi girgiɗi, hannu ya kama karkarwa.

Duk da haka ina bayan Baba, don dalilin Malam Garba na farko shi ne ma hujjar dusa. Abin nan ba wofi ba ne. Da haƙa ta yi zurfi a Johannesbag wajen 1889, aka shiga dutse mai kibiritu, zaiba ta kasa, kusan rabin zinariyar ya riƙa zurarewa. Sai da aka kawo dabarar sayanayid, wata guba mai narkar da zinariya a ruwa, ta MacArthur da 'yan uwan nan Forrest a 1890, aka koma kan tsibin da aka zubar aka sake tatsa. Har gobe ana rushe tsaunukan nan da ruwa ana sake sarrafa su. Shara ba a komawa kanta, dusa kuwa akan sake bakace ta a sami tsaki.

Injiniya Sale: Ƙwarai, Dokta. Mutanen Sin da suka je Ostareliya bayan gano zinariya a 1851 da yawansu da wannan suka rayu, suna bin wuraren da Turawa suka bari suna sake wankewa, kamar masu kala a gona bayan girbi. Ba su tsira ba ma. A 1855 gwamnatin yankin Biktoriya na Ostareliya ta sa wa kowane ɗan Sin harajin fam 10 in ya sauka a tasharta, sai jirage suka koma sauke su a Robe, a Kudancin Ostareliya, su taka fiye da kilomita 400 zuwa wuraren haƙa na Balarat da Bendigo. A nan kusa da mu ma, tsibin da kamfanonin kuza suka zubar a Jos an koma kansa da kwalambait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza, ta yi kuɗi a shekarun 1950.

Malama Hadiza: To wanda aka wanke da ruwa kawai fa, ba daka? Na ga a Kalifoniya sun riƙa rushe tsauni da bakin mesa, laka ta binne gonaki a kogin Yuba, har alƙali Lorenzo Sawyer ya hana zubar da ita a kogi a 1884. Shi ma dusa ne? Da tsakuwa manya a ciki.

Baba Ɗanjuma: Shi ma, 'yata. Ba laushi ne ma'auni ba, ratsawa ta wurin cirewa ce. Ko ƙwarya mutum ya sa a bakin rafi a Birnin Gwari ya rairaye yashi, abin da ya zubar dusa ce. In kina son bambancewa ki ce dusar daka da dusar wanki.

Malam Garba: Na sauko, amma da sharaɗi. Kada a bar kalmar tsirara a rubutu, musamman na yara da na faɗakarwa a ƙauyuka. A ce "dusar ma'adinai", in na gwal ne "dusar gwal", kuma a farkon ambato a faɗi cewa tana iya ɗauke da dalma ko zaiba. Wani zai ji dusa ya bar awaki da yara a kai.

Dokta Bilkisu: Na yarda da sharaɗin. A ƙara da ƙurar: ita ce irin wadda ta cinye huhun masu huda dutse a busashe a ramukan Johannesbag, da yawansu ba su kai shekara 40 ba. Tsibin da ya bushe yana tashin irinta.

Malama Hadiza: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na rubuta "dusar ma'adinai", tarinta "tsibin dusa", inda ake tara ta da ruwa "tafkin dusa", injin kuma "injin daka". Na farkon nan da Injiniya ya ambata, wanda bai shiga inji ba, na sa masa "ƙasar tono" kafin a samu wanda ya fi shi.

Injiniya Sale: Mayar da shi "ɓaraguzan tono", Malama. Yawancinsa dutse ne, ba ƙasa ba.