Tsibirin Biyoko: wa ya taɓa zuwa kudancinsa?

Usumanu, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da hutu a watan Janairu, kuma na daɗe ina son in ga daji irin na tsibiri, mai ruwa da duhuwa, ba irin namu na Binuwai ba. An ce min Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini ya fi kusa da mu. Wanda ya san wajen ya taimaka da shawara.

Malam Ɗanjuma, Ngaundare: Wa alaikumus salam, Usumanu. Ka dace da lokaci. Na yi zaman kasuwanci a Malabo, birni mafi girma a tsibirin, na kuma sauka kudu har ƙauyen Ureka da ke bakin teku. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ruwa ke sassautawa, kuma daidai lokacin ne kunkurun teku ke fitowa gaɓa yin ƙwai. In ka kuskure wannan tsakanin ka haƙura sai baɗi, domin Ureka tana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwan sama a Afirka, kusan milimita 10,000 a shekara. Garwa kuwa 1,000 take samu ko abin da ya yi kusa da haka.

Hanya: ka hau jirgin ƙasa na dare daga nan Ngaundare zuwa Yawunde, ka shiga mota zuwa Duwala, sai jirgin sama. Kafin ka gyara zama an sauka, tsibirin bai fi kilomita 40 daga gaɓar Kamaru ba. Sefa ɗaya muke kashewa da su, ba ruwanka da 'yan canji.

Hajiya Dije, Marwa: Malam, yaya maganar takardu? Ɗan yayata ya je neman aiki, ya ce shingayen jami'an tsaro sun yi yawa.

Malam Ɗanjuma: Gaskiya ya faɗa, Hajiya. Duk muna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, amma can ana binciken baƙo sosai. Usumanu ya je ofishin jakadancinsu ya ji abin da ake nema yanzu, ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ya kuma nemi takardar izinin yawon buɗe ido a Malabo kafin ya nufi kudu. Kada ya ɗauki hoton bariki ko ginin gwamnati. Sifaniyanci ake yi, amma Faransanci da turancin buroka za su fisshe shi a kasuwa. Akwai masallaci, akwai Hausawa, ba zai rasa mai nuna masa wurin cin halal ba.

Usumanu: Na gode, Malam. Su kunkurun fa, ana ganinsu da gaske ko sai an yi sa'a?

Malam Ɗanjuma: Ana gani, amma sai da dare, kuma sai da haƙuri. Iri huɗu ne ke zuwa rairayin kudu. Babbansu shi ne mai bayan fata, wanda ba shi da ƙoƙo mai tauri irin na kunkurun da muka sani. Macen kan kai kilo 400, wata ma ta zarce. Za ka ga ta fito daga ruwa tana jan jiki tana nishi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen 80, ta rufe, ta koma. Da safe sawunta a yashi kamar tarakta ta wuce. Bayan wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe su nufi teku. Wallahi ranar da na gani sai da na yi ta tasbihi.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka haska mata farar tocila, kada ka tsaya a gabanta. In ta tsorata sai ta juya ba ta yi ƙwan ba. Masu gadin gaɓar 'yan ƙabilar Bubi ne na ƙauyen, da jar fitila suke aiki, ka bi bayansu ka biya su haƙƙinsu ba tare da ciniki mai tsanani ba.

Mahamat Sale, Injamena: Ni ina da ja kaɗan. In dabbobi yake son gani da yawa, a Janairu Zakuma, gandun namun daji na ƙasar Cadi, a buɗe take, giwaye da raƙuman dawa da ɓauna a fili. A kurmi sai ka wuni kana jin motsi a sama ba ka ga komai ba.

Malam Ɗanjuma: Ba ka yi ƙarya ba, Mahamat, kurmi yana ɓoye nasa. Amma abin da ke Biyoko babu shi a Zakuma. Akwai diril, dangin gwaggon biri mai baƙar fuska, wanda a duniya sai kudu maso gabashin Najeriya da kudu maso yammacin Kamaru da wannan tsibiri. Akwai wani jan biri da ya rage a dajin kudancin tsibirin kaɗai. Mafarauta sun sa su tsoron mutum, duk da dokar hana farautar birai da aka kafa a 2007. Saboda haka, Usumanu, ko an yi maka tayin naman daji ko ƙwan kunkuru a kasuwa, kada ka saya, ko tsaraba ce. Kuɗinka ne ke mai da maharbi daji.

Hajiya Dije: Ni dai ka tafi da maganin zazzaɓin cizon sauro da gidan sauro, ɗana. Ka sa kayanka cikin leda, danshi yana ɓata waya.

Bello, Garwa: Yaya Usumanu, ka ware kwana biyu a Moka. Tudu ne mai sanyi, akwai tafkin Biyawo a bakin tsohon dutse mai aman wuta, da magangarar ruwa ta Iladi. Ka ɗauki rigar sanyi da takalmin roba mai tsawo. Dutsen Basile kuma ya haura mita 3,000, in gari ya waye tas har Dutsen Kamaru ake hangowa.

Usumanu: Allah ya saka da alheri. Malam, kwana nawa zan ware wa Ureka kanta?

Malam Ɗanjuma: Dare uku aƙalla, domin wani daren ruwa zai hana ku fita. Ka yi guzurin shinkafa da gari da mai tun daga garin Luba da ke kan hanyar Ureka, kifi kuwa za ka samu a wajen masunta.