"Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta": wa ake jefa wa ita?

Malam Na-Gwale: Assalamu alaikum. A filin dambe na fi jin wannan karin magana, in aka kashe ɗan damben da ya daɗe yana zubar da maza. Shin gwarzo ake yi wa gori da ita, ko kuwa bayanin gwarzon take yi?

Yaya Asabe: Wa'alaikumus salam, Malam. Azzalumi ake jefa wa ita, wanda ya addabi jama'a har ya gamu da gamonsa. Kamar Sumanguru sarkin Soso da maroƙan Mande ke ba da labarinsa: ƙarfe ba ya cin sa, sai da aka tona asirinsa, Sunjata, wanda ya kafa daular Mali, ya harbe shi a Kirina, wajen 1235, da kibiyar da aka ɗaura wa farcen farin zakara. Aljanin ke nan. Wanda ya kunna wutar shi ne gwarzo.

Baba Mai Littafi: 'Yata, ban ƙi taki ba, amma kin taƙaita ta. A tsofaffin labarai gwarzon kansa ne ke taka wutar. Gilgamesh sarkin Uruk, kashi biyu cikin uku na jikinsa na alloli ne a cewar labarin, amma da abokinsa Enkidu ya mutu, tsoron mutuwa ya hana shi zama. Ya nutsa ƙasan teku ya tsinko ciyawar da ke mayar da tsoho yaro. A hanya ya tsaya wanka, maciji ya ɗauke ta, ya zauna yana kuka. Haka ya koma garinsu hannu rabbana, kuma ba wanda ya cire shi daga sahun gwaraza. Hekta ma, gwarzon birnin Taroy a waƙar Iliyad ta Girkawa, sau uku ya zagaye ganuwar birnin yana gudun Akilis, gwarzon Girkawa, sannan ya tsaya ya fuskance shi, aka kashe shi. Wallahi shi ya fi tsaya mini a rai.

Ƙanin Kowa: Baba, na zamani ma haka ne. Superman, gwarzon labaran zane na Amurka, ya fito a 1938, harsashi ba ya huda shi. A 1943 aka shigo da dutsen kiriptonait a shirinsa na rediyo, wanda ke kashe masa jiki. Wanda ba ya kayuwa, wa zai damu da labarinsa?

Baba Mai Littafi: Da bambanci, ɗana. Wancan dutse daga waje yake zuwa, a ɗauke shi, ƙarfi ya dawo. Wutar Akilis a cikinsa take: fushi. Shi ya sa ya ƙaurace wa yaƙi har aka kashe amininsa, shi ya sa ya ja gawar Hekta a ƙasa. Ni ban ga jarumtarsa ba sai daren da tsoho Firayam, mahaifin Hekta, ya shigo tantinsa, ya sumbaci hannuwan da suka kashe masa ɗa, suka yi kuka tare, ya ba shi gawar.

Malam Na-Gwale: Wannan ya zo daidai da hadisin Bukhari da Muslim, cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Yaya Asabe: Na karɓi ma'anar, Baba, amma amfani fa? Mutumin kirki ya tsaya wa mutane, aka fi ƙarfinsa, ka je ka ce masa aljani ya taka wuta? Ai ka zage shi. Ni a bakina ta azzalumi ce.