Adaftar sadarwa ta VirtualBox ta daina aiki bayan an ɗauke wuta: ina neman shawara

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni ɗaliba ce mai koyon kula da na'urorin sadarwa, kuma a kwamfutar tebur ta gidanmu, mai Windows 10, nake yin atisaye. Kusan shekara guda ke nan ina amfani da manhajar VirtualBox wajen kunna Ubuntu Server a matsayin kwamfutar kwaikwayo, wato kwamfutar manhaja da ke aiki a cikin kwamfutar ainihi, ina haɗa ta da kwamfutar ainihi ta adaftar nan ta manhaja mai suna VirtualBox Host-Only Ethernet Adapter. Ranar Asabar ina cikin sabunta manhajar daga 6.1 zuwa 7.0 aka ɗauke wuta, ga shi ba mu da UPS, na'urar batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, sai kwamfutar ta mutu aikin bai kammala ba.

Da wuta ta dawo na sake girka manhajar, ta buɗe, intanet ma yana aiki lafiya, amma duk lokacin da na kunna Ubuntu sai ta ƙi tashi, ta nuna VERR_INTNET_FLT_IF_NOT_FOUND. A Device Manager kuwa, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, akwai alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a kan adaftar, da lambar kuskure 31. Na kashe na kunna sau da yawa, na danna Update driver, Windows ta ce direban da ke kai, wato manhajar da ke sarrafa adaftar, shi ne mafi dacewa. Wani mai gyara a kasuwa ya ce sai dai a goge komai a zuba sabuwar Windows, ni kuwa aikin wata shida ke cikin kwamfutar nan. Don Allah, akwai hanyar gyara ba tare da goge komai ba?

Wani ɗan ajin gaba:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin komai, ki danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta ncpa.cpl, ki buɗe Properties na adaftar, ki duba ko akwai alamar zaɓi a gaban VirtualBox NDIS6 Bridged Networking Driver. Idan babu ki sa ta, sannan ki kashe adaftar ki sake kunna ta, domin sau da yawa wannan kaɗai kan kawar da saƙon da kika ambata. Idan kuma akwai aikin da za ki miƙa cikin gaggawa, ki mayar da sadarwar Ubuntu zuwa NAT, wani tsarin sadarwa a saitin VirtualBox wanda ba ya bukatar wannan adafta, za ta tashi ki kwashe fayilolinki.

Mai tambaya:

Na gode, Yaya. Da NAT ta tashi, na kwafe ayyukana, hankalina ya ɗan kwanta. Sai dai adaftar ba ta bayyana a ncpa.cpl ba sam, katin Wi-Fi da na waya kawai nake gani.

Wani memba:

Ki yi Network reset kawai daga Settings, yana cire dukkan adaftoci ya mayar da su sabbi. Ni da shi na warware irin wannan matsala a bara.

Malamin koyar da sadarwa:

Ban ce shawarar ɗan uwa ba ta aiki ba, amma ni zan bar ta ta zama ta ƙarshe. Network reset yana shafar kowace adafta, yana sa Windows ta manta kalmomin sirrin Wi-Fi, kuma duk mai VPN ko wata manhajar kwaikwayo yakan sake girka su daga baya. Ban da haka, ba ya cire fakitin direban da ke ajiye a ma'ajiyar Windows, wanda nake kyautata zaton a nan ciwon yake. Batun goge Windows kuwa ki ajiye shi gefe, tunda intanet ɗinki yana aiki, wato katin ainihi da direbansa lafiya suke.

'Yata, ga yadda na fahimci lamarin. Wannan adafta ba ƙarfe ba ce, babu ita a cikin akwatin kwamfutar, direba ne kawai da ke gaya wa Windows cewa akwai kati. VirtualBox tana girka direbobin sadarwa guda biyu: VBoxNetAdp6, wanda shi ne adaftar kanta, da VBoxNetLwf, matatar da ke zama a kan adafta tana miƙa bayanai tsakaninta da kwamfutar kwaikwayo. Lamba 31 na nufin Windows ta kasa loda direban na'urar, shi ya sa ba ki gan ta a ncpa.cpl ba, kuma tunda adaftar ba ta tashi ba matatar ba ta sami inda za ta zauna ba, wanda shi ne abin da saƙon VERR ke faɗa. Mai yiwuwa wutar ta yanke ne bayan an fara cire tsohon direba amma ba a gama rajistar sabon ba, sai girkawa ta biyu ta tarar da ragowar ta hau kansa.

Ki fara ƙirƙirar restore point, wato ajiyar saitin Windows da za ki iya komawa kanta idan wani abu ya lalace. Sannan ki cire VirtualBox daga Apps. Kada ki ji tsoro, kwamfutocin kwaikwayonki suna cikin jakar VirtualBox VMs a ƙarƙashin sunanki, cire manhajar ba ya taɓa su. Ki sake kunna kwamfutar, ki buɗe Device Manager, ki zaɓi Show hidden devices a ƙarƙashin View, duk wata Host-Only da ta rage ki cire ta, ki sa alama a akwatin goge direbanta idan ya bayyana.

Daga nan ki buɗe Command Prompt da ikon administrator, ki rubuta pnputil /enum-drivers. Ki nemi layukan da sunansu na asali yake vboxnetadp6.inf da vboxnetlwf.inf, ki rubuta sunan da Windows ta ba kowannensu, mai farawa da oem da lamba. Sai ki yi pnputil /delete-driver, ki biyo da wannan suna, ki ƙare da /uninstall. A nan nake so ki nutsu sosai: lambar oem ta bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, don haka kada ki kwafi ta wani daga intanet. Na taɓa ganin ɗalibin da ya yi haka ya goge direban Wi-Fi ɗinsa, sai da muka nemo masa ta filashi.

Bayan kin sake kunnawa, ki girka 7.0 da Run as administrator. Za ta gargaɗe ki cewa sadarwa za ta yanke na ɗan lokaci, ki amince. Ki yi wannan a lokacin da kika tabbatar da wuta, ko ki jona kwamfutar a inbata. Idan lamba 31 ta dawo, ki buɗe fayil ɗin setupapi.dev.log da ke C:\Windows\INF, ki kwafo mana layukan da suka fara da alamar motsin rai uku, a nan Windows ke rubuta dalilin gazawar.

Mai tambaya:

Malam, Allah ya saka da alheri. Na bi yadda ka ce a daren jiya a kan inbatar maƙwabtanmu. Na tarar da vboxnetadp6.inf har sau biyu a jerin, ɗaya na 6.1 ɗaya na 7.0, na goge su duka tare da matatar. Yanzu alamar gargaɗin ta tafi, adaftar ta bayyana da adireshin 192.168.56.1. Amma da na mayar da Ubuntu kan Host-only, sai ta ce ba ta ga adaftar ba, kuma na lura an ƙara wa sunan sabuwar #2 a ƙarshe. Shin wani abu ya rage ban goge ba?

Malamin koyar da sadarwa:

Amin, 'yata. Wannan ba lalacewa ba ce, Windows ce ta ƙidaya ta a matsayin na'ura ta biyu, saitin Ubuntu kuma yana riƙe da tsohon suna. Ki shiga Settings na kwamfutar kwaikwayon, ɓangaren Network, ki zaɓi mai #2 a jerin sunaye, ki danna OK. Idan kin ba sabar Ubuntu tsayayyen adireshi a zangon 192.168.56, ba sai kin canza komai a cikinta ba.

Mai tambaya:

Na zaɓa, ta tashi, kuma na shiga sabar ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, daga Windows a adireshinta na da, 192.168.56.10. Na gode muku duka.