Wane suna za mu ba /tmp a Hausa?

1/ 'Yan'uwa masu koyar da Linux da Hausa, akwai foldar da har yau ba mu tsayar mata da suna ba, wato /tmp, inda manhajoji ke sauke fayilolin wucin gadi. Shawarata ita ce mu kira ta "zangon fayil".

2/ Sai an rasa ta ake sanin amfaninta. Mutum ya gama ɗora sabon Linux, ya buga kalmar sirri daidai, allo ya yi baƙi, ya sake maido shi wurin shiga. Ya gwada apt, manhajar saka sababbin manhajoji, ta ce ta kasa ƙirƙirar fayil. Sau da yawa /tmp ce babu, ko an ware mata ɓangaren faifai a /etc/fstab (fayil ɗin da ke jera ɓangarorin da za su hau) bai hau ba, ko kuma izininta ne ya lalace.

3/ Gyaran ba wuya. Danna Ctrl+Alt+F3, ka shiga, ka buga ls -ld /tmp. Mai lafiya za ta nuna drwxrwxrwt, mallakin root, wato babban mai iko a kwamfutar. In babu ita: sudo mkdir /tmp, sannan sudo chmod 1777 /tmp.

4/ Ku dubi harafin t ɗin nan na ƙarshe, shi ne 1 da ke gaban 777. Ma'anarsa kowa na iya sauke kayansa a ciki, amma ba mai ikon goge na wani sai root. Halin zango ke nan: matafiyi ya sauka, ya kwana kusa da kayansa, gari ya waye ya kama hanya. Wanda ya sa 777 kawai ya buɗe wa kowa ƙofar taɓa kayan ɗan'uwansa.

5/ Akwai wasu sunayen, amma "ma'ajiyar wucin gadi" ta yi tsawo, kuma ma'ajiya wurin adana abu ce. A Fedora da Debian 13 /tmp tana zaune a RAM, da an kashe kwamfuta komai ya tafi. "Bola" kuwa ina matuƙar tsoronta, domin ɗalibin da aka ce wa bola ce zai share ta gaba ɗaya yana ganin tsafta ya yi.

6/ Ita /var/tmp, wadda fayilolinta ke tsira bayan an sake kunna kwamfuta, sai mu ce "dogon zango". Na Windows, wanda %TEMP% ke nunawa, shi ma zango ne.

7/ Abu ɗaya ke damuna: muna da zangon karatu. Malamai, ɗalibanku za su rikita su? Ku gwada a aji ku faɗa mana.