Lissafin lokacin kompayil, me ya sa ba ya zama daidai?

Abba_TudunWada:
Salam 'yan uwa, don Allah masu harka da Linux ku taimaka. Ina kompayil ɗin LLVM (wani babban kayan aikin gina manhajoji) daga sos, wato mayar da rubutaccen kod ɗinsa ya zama manhaja mai aiki, a laftof ɗina, ya nuna 90% na ce to ai saura ƙiris bari in je masallaci, na dawo yana 93%, har aka ɗauke wuta batir ya kusa mutuwa bai gama ba. Shin akwai yadda mutum zai san tsawon lokacin da abu zai ci tun kafin ya fara? Don mu a nan sai ka yi lissafi da wuta kafin ka taɓa komai.

MalamSani_Kawo:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Wannan kashin da kake gani ba lokaci yake ƙirgawa ba, yawan ayyuka ne, haka ma lambobin da Ninja (manhajar da ke tafiyar da aikin kompayil, kamar make) ke nunawa irin 1200/3500. Wani fayil ɗin daƙiƙa ɗaya ya wuce, wani na C++ sai ya cinye mintuna shi kaɗai amma a lissafi duk ɗaya ɗaya ne. Kamar a ce saura mota uku a gabanka a layin mai, ashe ɗaya tirela ce. Kuma aiki mai nauyin yana can ƙarshe, wato linkin, inda ake haɗe komai wuri guda, shi ne mai shanye RAM.

Hauwa_Malali:
Gaskiyar Malam. Mutanen Linux From Scratch (littafin da ke koyar da gina Linux daga sos) ma shi ya sa ba sa faɗin mintuna, SBU suke cewa, ka auna lokacin da kompayil ɗin wata manhaja mai suna binutils ya ɗauka a na'urarka, shi ne SBU ɗaya, sai ka ninka da adadin SBU ɗin da suka ba kowace manhaja, kuma su da kansu sun ce kimantawa ce kawai. A Gentoo, wani nau'in Linux, akwai genlop da qlop masu kimanta lokacin kompayil amma su ma tarihin wanda ka yi a baya suke dubawa, in karon farko ne ba su da abin faɗa maka. Shi kuwa GCC, wani mai kompayil ɗin, sau 3 yake gina kansa, ta ina za ka yi hasashe. RAM ɗinka nawa ne, kuma -j nawa ka sa, wato ayyuka nawa yake yi lokaci guda?

Abba_TudunWada:
8GB ne Anti, na sa -j8 tunda nproc, mai ƙirga yawan furosesa, 8 ya nuna min

Hauwa_Malali:
To ga matsalar nan. Littafin Gentoo cewa ya yi a ware wa kowane aiki kamar 2GB, kai ka jibga 8 a kan 8GB, da an zo linkin sai ya faɗa swap, wato ya koma amfani da disk a madadin RAM, komai ya koma rarrafe. Ka mayar -j4, ka yi ginin Release maimakon na Debug mai nauyi, in da Ninja kake ka ƙara LLVM_PARALLEL_LINK_JOBS=1 don ya riƙa linkin ɗaya bayan ɗaya.

Dan_Rigasa:
Ku ƙara da zafin garin nan. Watan Maris da Afrilu furosesa da kanta take rage gudu in ta ɗau zafi, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, abin da ya yi sauri da asuba da rana sai ya ja. Ka ɗaga laftof ɗin daga kan katifa Abba. Kuma ko laftof ɗin ya mutu kar ka goge foldar, ka sake buga make zai ci gaba daga inda ya tsaya, sai dai in fayil ɗin da yake kai ya lalace ka goge shi kaɗai. Ka sa ccache, mai ajiye abin da aka riga aka yi kompayil, saboda gaba.

Abba_TudunWada:
Na gode Allah ya ƙara sani, in an kawo wuta da daddare zan gwada.