Sun ce in rubuta albashin da nake so, nawa zan sa?

Sadiq_Kawo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu aikin IT ku ɗan taimaka min, abin ya ɗaure min kai. Watan jiya na gama bautar ƙasa, kwamfuta na karanta kuma na yi CCNA, wato takardar shaidar ƙwarewa a netwok ta kamfanin Cisco, a inda na yi sabis ma ni ne komai, firinta ta ƙi aiki a kira Sadiq, intanet ya ɗauke a kira Sadiq. To wani kamfani a Abuja sun kira ni intabiyu ranar Talata, aikin kula da netwok, kuma a fom ɗin da suka turo akwai gurbin da zan rubuta albashin da nake sa rai. Wallahi na fi minti ashirin ina kallon gurbin nan. Na shiga Glassdoor, shafin da ake duba albashin ma'aikata, na ƙara rikicewa, wani ya sa abin da da kyar ya wuce alawin 77,000 da muke karɓa a sabis, wani kuma ya sa kuɗin da ko a mafarki ban taɓa riƙewa ba, duk sunan aiki ɗaya. Ina tsoron in faɗi da yawa su ce yaron nan ya cika buri, in faɗi kaɗan kuma in cuci kaina. A ina ake samun ainihin farashin?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam ƙanena. Glassdoor ɗin nan mutane ne ke shigar da albashinsu da kansu, ba wanda ya tantance, kuma a Najeriya masu sakawar kaɗan ne, sai ka ga mutum uku ko huɗu ne kawai aka haɗa aka fitar da matsakaici. Abu na biyu ka duba shekarar da aka saka. Duk lambar da aka rubuta kafin Yunin 2023 ka ajiye ta gefe, lokacin dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, aka saki naira, a 2024 ta haura 1,500, ga cire tallafin mai, to albashin wancan lokacin ba ma'auni ba ne yanzu.

Ka haɗa da shafin albashi na MySalaryScale da tallan aiki na shafukan Jobberman da LinkedIn, wasu tallan suna sa daga kaza zuwa kaza, wannan ya fi min amfani saboda kuɗin da kamfani ya shirya biya yau ne. Kuma kar ka tsaya kan suna ɗaya, wani wurin su kira ka injiniyan netwok wani wurin jami'in IT, aiki ɗaya ne amma kuɗi ya bambanta, karanta abin da aka ce za ka dinga yi.

Ni a ganina ma irin ma'aikatar ta fi garin tasiri. Banki daban, kamfanin sadarwa daban, ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje daban, ƙaramin kamfani mai ma'aikata goma daban. Gwamnati kam ba ciniki, mai digiri mataki na 8 ake ɗora shi, ko ka iya Cisco ko ba ka iya ba.

Sannan abin da ya taɓa cin ni, kar ya ci ka. Aikina na farko an ce min kaza a shekara, na raba gida 12 na fara lissafin babur, da alat ya shigo na zaci kuskure aka yi har na je ofishin akawu. Ashe an cusa kuɗin hutu da na wata na 13, wato ƙarin albashin wata ɗaya a shekara, a ciki, sannan aka cire haraji da kashi 8 na fansho. Kashi 10 ɗin da kamfani ke zubawa a fansho ma wasu sai su lissafa maka shi cikin jimillar don ta yi ƙiba. Ka tambaye su kai tsaye, nawa ne zai shigo asusuna ƙarshen wata.

Maman_Hanan:
Yaya Bala ka yi gaskiya amma ni ban yarda gari ba komai ba ne. Aikin nazarin data nake yi, na bar Kano na koma Legas saboda an kusa ninka min albashi, murna har da rabon sadaka, sai da na zo neman gida a Yaba na gane kurena, kuɗin shekara a dunƙule, ga na ejan, ga na yarjejeniya, ga wani wai kuɗin ajiya ko za ka lalata musu gida, kafin in sa katifa a ɗaki rabin abin da na tara ya tafi. Abuja ma haka ne Sadiq, in ofis ɗin yana Wuse ko Maitama kai kuma Kubwa ko Mararaba za ka kwana, ka lissafa kuɗin mota na kwana 22 tukuna.

Hanyar da ta fi min aiki ita ce tambayar mutane. Matsalarmu Bahaushe ba ya faɗin albashinsa, ko don tsoron baki ko don kar dangi su ji su fara turo lambar asusu. To kar ka ce wa mutum nawa ake biyanka. Ka nemo mutum uku a LinkedIn masu irin aikin a Abuja, ka gaishe su da ladabi, ka ce ranka ya daɗe in an ba sabon shiga kaza ya yi ko an danne shi? Wallahi yawanci za su amsa, har wani ya ce maka ƙara kaza a kai.

Abba_Rimot:
Ni dai gargaɗi ɗaya, kar ka shiga Levels.fyi ka ga abin da Google da Microsoft ke biya a Amurka zuciyarka ta tashi. Binciken albashi na shekara shekara na dandalin Stack Overflow ma yawancinsa masu rubuta manhaja ne. In aikin daga gida kake hari nan gaba, a jihohin Amurka irin su Kolorado da Kalifoniya doka ta tilasta a sa albashi a tallan aiki, za ka ga lambar ƙuru ƙuru, amma kamfanoni da yawa suna rage ta gwargwadon inda kake zaune, kuma a ɗan kwantiragi za su ɗauke ka, ba fansho ba asibiti, sola da data duk daga aljihunka. Aikinka na netwok ma sai da hannu, ba a ɗaura waya daga Kawo 😂

Sadiq_Kawo:
Hahaha Abba ka gama da ni. Na gode sosai Allah ya saka. Amma Yaya Bala gurbin nan fa dole a cike shi, ba ya karɓar rubutu sai lamba.

Injiniya_Bala:
To ka yi abin da Maman Hanan ta ce kafin Talata, in ka samu daga kaza zuwa kaza ka sa wadda ta ɗan fi tsakiya, za su rage dama. A intabiyun in maganar ta taso ka riga su tambaya nawa suka ware wa kujerar, kuma ka ji ko akwai inshorar lafiya da kuɗin kiran dare, don netwok ba ya sanin ƙarfe biyun dare ne. Turo min sunan kamfanin ta inbos, ina da wani yaro da ya taɓa aiki a ɓangaren nan.