Ranar da muka fara sa almakashi a yadin da ba namu ba

Mai tambaya, daga Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan ina koyon ɗinki a gida da keken Butterfly na ƙafa da na gada wajen mahaifiyata, kuma duk abin da na ɗinka zuwa yanzu nawa ne ko na 'ya'yana, da yadi mai sauƙin kuɗi da nake sayowa a Kantin Kwari. Makon jiya yayar maigidana ta aiko mini da turmin atamfa 'yar Holan, ta ce in yi mata riga da zani da ɗankwali na bikin 'yarta. Yau kwana uku atamfar tana shimfiɗe a kan tabarma, na ɗauki almakashi na ajiye ya fi a ƙirga, domin na san idan na ɓata ta ba ni da kuɗin biya, kuma kunyar ta fi kuɗin nauyi. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mini yadda tasu ranar ta kasance.

Daga Zariya: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, tsoron nan alheri ne, don ni rashinsa ne ya ja mini. Atamfar farko da aka ba ni ta maƙwabciyata ce, mai zanen tsuntsaye suna tashi sama. Da yake na saba da yadi marar zane, sai na ninka ta biyu a kafaɗa na fitar da wuya, na yanke gaba da baya a haɗe kamar yadda ake yi wa buba. Sai da na gama ɗinki na rataye rigar, sannan na ga tsuntsayen gaba suna kallon sama, na baya kuwa duk kawunansu a ƙasa. Na daɗe a zaune ina kallonta. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, yawancin zanen atamfa an tsara shi ne saboda ɗaurin zani, baki ɗaya a ƙugu ɗaya a idon sawu, saboda haka yana da sama yana da ƙasa, kuma duk wadda za ta yanka riga dole ta yanke gaba daban, baya daban, ta haɗa su a kafaɗa. Na ceci rigar ne da yadin da na ware na ɗankwali, na fitar da sabon baya daga cikinsa, ɗankwalin kuma ya fito ƙarami har sai da na yi masa haɗi. Turmi yadi 6 ne, kuma kafin ki taɓa komai ki cire na zani ki ajiye shi gefe, domin shi ne ba ya karɓar gyara.

Daga Maraɗi: Ni awo ne ya kayar da ni. A nan Nijar da santimita muke aiki, ku kuma a Najeriya da inci, kuma tef ɗin awo guda ne, kowace fuska da nata lissafin. Ƙanwar babana da ke aure a Katsina ta aiko mini da atamfa, ta karanto mini awonta ta waya. Na san da inci ta ba ni, na kuwa auna ƙirji da ƙugu da tsawon riga daidai. Aka kira sallar la'asar na tashi, da na dawo sai hannuna ya kama tef ta fuskar da ya saba, na auna hannun riga 23 na yanke. Babu abin da ya ja hankalina, tunda santimita 23 hannu ne sosai na ƙaramar riga, alhali inci 23 da ta nufa ya kai santimita 58, wato dogon hannu har wuyan hannu, kuma ita dattijuwa ce da ba ta sa gajeren hannu. Tun daga ranar nake rubuta awo a takarda da sunan ma'auninsa, kuma ba na tashi daga kan yanka sai na kammala shata komai da alli.

Wani tela, daga Kaduna: 'Yata, shekarata 31 a wannan sana'a, kuma har gobe ina tuna shadda Getzner yadi 5 da maigidana ya fara miƙo mini bayan na shekara biyu ina sa maɓalli da guga. Na yanke jikin rigar daidai jikin mai ita, ban bar alawus ba, wato rarar yadi a gefen ɗinki, sai ta matse shi a ƙirji. Na ce bari in warware in sassauta, nan ma na ƙara ɓarna, domin shadda mai ƙyalli ba ta ɓoye sawun allura, duk inda ɗinki ya bi sai ramukan su tsaya a jere. Na so in yi shiru in ce yadin ne bai isa ba, amma maigidana ya kama hannuna muka je har gidan mutumin, ya sa na faɗa da bakina. Mutumin ya ji haushi, hakan kuma haƙƙinsa ne, sai dai da ya huce ya yafe rabin kuɗin, sauran na biya a hankali, kuma ya ci gaba da kawo mini ɗinki har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shawarata ita ce ki karɓo tsohuwar rigar yayar maigidanki wadda take jin daɗin sawa, ki fitar da fasalinta a takardar buhun siminti, ki fara ɗinka shi da yadi mai araha ta gwada. Sannan ki bar alawus na aƙalla inci ɗaya da rabi a kowane gefe, don ragewa tana da sauƙi, ƙari ne ba ya yiwuwa.

Daga zangon Kumasi: Ƙari kaɗan a kan maganar Baba. Takardar tambarin da ke manne a jikin atamfa kada ki fizge ta da hannu. Ni na fizga, gam ɗin ya zauna a tsakiyar gaban rigar yana kama ƙura. Ki ɗora dutsen guga mai ɗumi ta bayan yadin, za ta ɗago da kanta.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Baba, na bi maganarka: na je da kaina na karɓo rigarta, na ɗinka gwaji da wani tsohon zanin gado, da ta sa kuwa sai ga kafaɗa ta zarce da kusan inci ɗaya, na gyara a takarda. Atamfar tata ganye ne a jiki, kuma da na duba da kyau na ga lallai yana da sama da ƙasa, don haka na shata gaba da baya daban kamar yadda 'yar uwata ta Zariya ta ce. Na cire zanin na ninke shi a cikin akwati. Da safiyar yau bayan yara sun tafi makaranta na yi bisimilla na yanke bayan rigar da gabanta. Saura hannuwa, su kuma na bar su sai gobe, in sha Allahu, idan na sake auna su da rana.